Ku Amsa Ko Ku Yi Shiru

Wajen ƙarfe goma na dare, a ranar ƙarshe ta wani bikin kiɗan jaz da aka yi a wani birni na bakin teku, mai busa ya cire saksafon daga bakinsa ya ja baya. Mai ganga ya ajiye sanduna, ya ɗauki 'yan tsintsiyoyin nan na siraran wayoyi da ake shafar fatar ganga da su. Aka bar wa mai bas fili. Ga wanda bai taɓa ganin bas ba, wani ƙaton goge ne mai tsawon mutum, a tsaye ake kafa shi a ƙasa, ana tsinkar tsirkiyoyinsa huɗu da yatsu. Muryarsa can ƙasa take, ba ta ja-in-ja da kowa. In ba ka kasa kunne ba sai ta wuce ka ba sallama. Mutumin ya rungume shi, ya rufe ido, ya fara.

Sai wani bawan Allah a teburin farko, cikin shingen manyan baƙi, ya ɗauki waya ya shiga cinikin fili.

Na ji kuɗin filin. Na ji nawa aka taya, na ji nawa ya ce ba zai sallama ba, na ji cewa dillalin ba shi da amana. Na ji dariyar abokan zamansa, waɗanda suka juya wa dandamali baya don fitilunsa su fito a hotonsu. Na ji an buɗe kwalba, na ji ƙanƙara ta faɗa kofi. Abin da ban ji ba shi ne abin da na yi wata huɗu ina tara wa kuɗi, na kwana a mota, na kama ɗaki dominsa. Ina kallon yatsun mai bas suna hawa suna sauka, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ina kallon mai fiyano ya ɗago kai ya yi masa murmushi saboda wata magana da ya yi da tsirkiya. Maganar ta wuce ni, ta kuma wuce har abada.

Wannan "har abada" ita ce tushen fushina, kuma ita ce abin da masu surutu ba su fahimta ba. Jaz ba waƙar rediyo ba ce da in ta wuce ka yau za ka tare ta gobe. Yadda ake yin sa shi ne a buɗe da karin da aka sani, kowa ya ji shi, sannan a ajiye karin a riƙe ƙashin bayansa kawai: zagaye mai gaɓa 12 ko 32 da ke ta komawa farko, kowane makaɗi ya hau kai ya ƙago nasa zancen nan take. Ba a rubuce yake ba. Shi kansa makaɗin bai san abin da zai fito daga yatsunsa a zagaye na uku ba sai ya ji abin da mai ganga ya jefo masa a na biyu. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban Shata yana raye, ko ya saurari kaset biyu na waƙa ɗaya da ya rera a garuruwa daban-daban, ya gane nufina. Amshi ɗaya ne, kalangu ɗaya ne, amma abin da ya ɗora a kai na wannan daren ne da mutanen da ke zaune a wurin. To haka jaz yake, sai dai a nan yawanci kayan kiɗan ne ke magana. Wanda ya binne minti uku na mai bas da cinikin fili ba takura mini kawai ya yi ba. Ya lalata abin da ba shi da kwafi.

Akwai wani faifai da nake matuƙar ƙauna, amma ban taɓa sauraronsa raina bai ɓaci ba. Ranar Lahadi, 25 ga Yunin 1961, aka naɗi wasan da Bill Evans mai fiyano ya yi a gidan kiɗa na Village Vanguard da ke New York, shi da Paul Motian a kan ganga da wani saurayi mai bas, Scott LaFaro. Abin da su ukun suka yi a ranar yana cikin mafi daraja a tarihin jaz, domin a hannun wannan saurayin bas ya daina zama bawa mai riƙe wa wasu taki, ya zama mai baki a cikin hira. Ka sa faifan ka ƙara murya. A bayan kiɗan za ka ji kofuna na karo, ana hira, ana dariya. Kwana goma sha ɗaya da yin wannan wasa LaFaro ya rasu a haɗarin mota yana ɗan shekara 25. Mutanen da ke cikin ɗakin nan an zuba musu abin da duniya ta kwashe sama da shekara sittin tana komawa ta saurara, suka zauna suna zancen gabansu. A wancan karon na'ura ta yi mana rana. A daren da nake ba ku labari, wayoyin da aka ɗaga muryar mai cinikin fili suka kwasa.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini. Wai jaz ba zaman makoki ba ne, a titi aka haife shi, a gidajen rawa da mashaya ya girma, shirun nan da nake nema ɗabi'ar zauren kiɗan Turai ce. Rabin farko gaskiya ne. A birnin New Orleans akwai filin da ake kira Congo Square, inda bayi 'yan Afirka suke taruwa ranar Lahadi su kaɗa ganga, su yi rawa, su rera waƙoƙin da suka tsallako teku da su. Daga jikokin irin waɗannan mutane, da masu busa a jerin rakiyar gawa, da masu waƙar coci, wannan kiɗa ya fito. Babu mai hankalin da zai ce a zauna a gabansa kamar gumaka. Ni ma ban ce ba.

Ku dubi abin da ya faru a bikin jaz na Newport a 1956. A lokacin tauraron Duke Ellington ya dusashe, ana ganin zamanin manyan ƙungiyoyin kiɗa irin tasa ya wuce. Cikin dare ya sake wa mai saksafon ɗinsa, Paul Gonsalves, linzami. Gonsalves ya yi zagaye 27 yana busa bai tsaya ba. Wata mata ta miƙe ta kama rawa, dubban mutane suka tashi, wasu suka hau kan kujeru, aka yi ta ihu har masu shirya bikin suka tsorata. Bayan 'yan makonni hoton Ellington ya hau bangon mujallar Time. Wannan hayaniya ta fi ta mai cinikin fili ƙarfi sau dubu, kuma da ina wurin da muryata ta dishe. Domin ihun nan mai busa ake yi wa. Kowane ihu itace ne ake ƙara masa a wuta.

Mu ai ba sai an koya mana bambancin amshi da surutu ba. Wanda ya yi guɗa, wanda ya ce "faɗi gaskiya!", wanda ya taso ya yi liƙi ya koma, duk suna cikin kiɗa, makaɗi na jin su yana ƙara ƙaimi. Wanda kuwa ya juya wa makaɗi ƙeya yana lissafin bashinsa da ƙarfi, ko a bikin ƙauye sai dattawa sun harare shi. Abin da nake nema ke nan, ba shiru ba: ka amsa. In ba za ka amsa ba, ka kama bakinka. In shi ma ya gagare ka, ga rumfar masu abinci can, ga bakin teku, duniya da faɗi.

Kada kuma wani ya ce mini wannan kiɗan baƙi ne, me ya yi mini zafi. A 1960 Louis Armstrong ya zo Nijeriya da kakakinsa, har Kaduna, akwai hotonsa da Sardauna Ahmadu Bello. Tony Allen, mai gangar da Fela ya gina kiɗansa a kai, faifan Art Blakey da Max Roach ya yi ta saurara yana koyon hannu. Ganga ta tafi cikin jirgin bayi, ta dawo cikin faifai, aka karɓe ta aka sake juya ta. Ba aro nake yi ba in na ce abin ya shafe ni.

Amma mai waya ƙaramin mai laifi ne. Wa ya zaunar da shi a can?

Ga yadda aka tsara filin a daren. Daga bakin dandamali zuwa taku ashirin, tebura ne da fararen mayafai, an kewaye su da shingen ƙarfe da masu gadi. Rabinsu babu kowa. Na bankin da ya ɗauki nauyi ne, da kamfanin waya, da kamfanin abin sha, an raba katin gayyata ga manyan abokan hulɗa, waɗanda ba su roƙa ba, ba su san sunan ko makaɗi ɗaya ba, sun zo ne don a ga sun zo. Mu da muka sayi tikiti don kunnenmu muna bayan shinge a tsaye. Ka ɗauki kanka a matsayin mai busa. Kiɗanka kacokan ya dogara da abin da ke dawo maka daga fuskokin mutane. Ka buɗe ido ka duba ƙasa, sai kujeru wayam da ƙeyar masu hoto. Waɗanda ke numfashi tare da kai suna can cikin duhu, ba ka ko hango su. Wanda ya zana wannan tsari ya yanke igiyar da ke tsakanin makaɗi da mai sauraro, kuma da saninsa ya yi, don ya san abin da ya sayar.

Zancen wa zai zauna a gaba tsohon miki ne a wannan kiɗa. Daga 1927 zuwa 1931 Ellington yana wasa a Cotton Club, a tsakiyar unguwar Harlem ta baƙar fata, gidan da baƙar fata ke kiɗa, su yi rawa, su kai abinci, amma kujerun na fararen fata ne. Nina Simone tana yarinya a garinsu Tryon, a jihar Karolina ta Arewa, a wani wasan fiyano da ta yi a gaban jama'a, aka tashi iyayenta daga layin gaba don a zaunar da Turawa. Ta ƙi taɓa fiyanon sai da aka mayar da su. Ba na cewa shingen yau daidai yake da na wancan zamani. Wancan zalunci ne da doka da al'ada suka tsaya wa, wannan ciniki ne. Amma kiɗan da ya sha wannan wuya bai cancanci a sake kafa masa shinge tsakaninsa da masu sonsa ba, a ce wai don a samu kuɗin fitila.

Sai kuma babbar satar, satar suna. Ka duba allunan bukukuwan da ake kira na jaz a yau, ka ga sunan wa aka rubuta da manyan baƙaƙe. Mawaƙin zamani ne, wanda zai zo da kiɗansa a cikin kwamfuta, a danna masa ya bi. Masu jaz ɗin suna can ƙasa da ƙananan rubutu, an ba su ƙarfe biyar na yamma rana na dukan mutane, ko wata rumfa a gefe. Sunansu ne ke jawo kamfanoni, domin kalmar jaz tana ƙamshin wayewa, tana sa banki ya ji ya yi abin kirki. Su ke riƙe da ƙaho, wasu na tatsa.

Ba yau aka fara ba, kuma ba ni na fara kuka ba. George Wein ya shirya bikin Newport na farko a 1954. Shekara shida kacal bayan nan, a 1960, Charles Mingus da Max Roach suka yi wa bikin tawaye, suka shirya nasu a wani otal cikin garin, don suna ganin an mayar da abin kasuwa, ana fifita masu jawo jama'a a kan masu kiɗan gaske, har a wajen biya. A 1969 aka gayyato ƙungiyoyin kiɗan rok irin su Led Zeppelin. A 1971 taron matasa suka karya shinge suka mamaye fili, aka tsayar da bikin, shekarar da ta biyo ya yi ƙaura zuwa New York. A New Orleans kuwa, bikin da aka fara a 1970 a filin nan na Congo Square, da Ellington da Mahalia Jackson da 'yan kallo kusan 350, ya girma har ya koma filin sukuwar dawaki. A watan Mayun 2024 aka ware wa ƙungiyar rok ta Rolling Stones rana guda da tikiti na musamman mai tsada, aka tsayar da kiɗa a sauran dandamali lokacin da za su hau. A garin da aka haifi jaz, a bikin da ke ɗauke da sunan jaz, aka sa jaz ya yi shiru.

Masu shirya bukukuwa suna da amsa, kuma ba zan ce ƙarya ce ba. Suna cewa jaz shi kaɗai ba ya cika fili, tauraro ɗaya ke biyan kuɗin makaɗa talatin. A New Orleans ɗin ma, gidauniyar da ta mallaki bikin tana riƙe da gidan rediyon WWOZ, tana koyar da yara kiɗa kyauta. Na yarda. Ku kawo tauraronku, ku ci riba, ku biya masu busa. Amma in har da gaske don jaz kuke wannan ciniki, a gani a ƙasa. A daren nan, makaɗan huɗu da nake magana a kansu minti arba'in da biyar aka ba su. Sun ɗauki kusan rabin sa'a kafin su sami juna, haka abin yake, kamar girki ne, sai wuta ta ratsa. Suna fara dahuwa sai ga wani yaro da takarda a gefen dandamali yana nuna musu agogo, yana yanka wuyansa da hannu, saboda tauraron dare ya iso kuma ba a sa shi jira. Mai saksafon, dattijo mai furfura, ya datse busarsa a tsakiya ya koma kan kari ya rufe. Da Gonsalves a wannan biki ya faɗo, da an kashe masa lasifika a zagaye na biyar.

Game da waya kuwa, ina tare da makaɗan da ake kira masu girman kai. Keith Jarrett ya sha tsayar da wasa saboda masu ɗaukar hoto. A 2007 a bikin Umbria da ke Perugia ta Italiya ya zazzaga musu faɗa har aka yi ta cece-kuce. Nina Simone a bikin Montreux a 1976 ta dakata a tsakiyar waƙa ta umarci wata mata ta zauna. Mingus ya yi suna wajen tsayar da kiɗa ya yi wa masu surutu tatas, har a wani faifai da ya naɗa a 1960 a ɗakin naɗi, inda babu 'yan kallo, sai da ya buɗe da roƙon a daina tafi da kaɗa kofuna, kamar yana nuna wa duniya irin zaman da yake mafarkin samu. Ana iya cewa harshensu ya yi kaifi. Amma mutumin da ke ƙago abu daga babu a gaban dubban idanu kamar mai tafiya ne a kan siraɗin igiya, kai kuwa kana haska masa fitila a ido don ka sami bidiyon da ba za ka sake buɗewa ba. Kuma da ka ɗaga wayar nan, ka fita daga cikin masu sauraro. Hankalinka ya koma kan ko hoton ya karkace, ko hannunka na rawa, ko wa zai gani a Instagram. Jikinka na nan, kunnenka ya tafi. Ka kuma tare wa na bayanka.

Abin da nake nema ba ya cin kuɗi. A kai teburan manya gefe ko baya, inda za su ci su sha su yi cinikinsu ba su cuci kowa ba, a bar bakin dandamali ga wanda ya riga zuwa. A nisanta rumfar jaz da lasifikar babban fili. A ba makaɗa lokacin da kiɗansu ke bukata. Mai gabatarwa ya fito ya ce a ajiye waya, a kuma sa masu gadin nan da suka ƙware wajen hana talaka tsallake shinge su iya taɓa kafaɗar mai kuɗi su ce ya rage murya.

A daren dai ban iya haƙuri ba. Na matsa jikin shingen na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah a ɗan sassauta murya, muna saurare." Ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya dubi launin abin da aka ɗaura mini a wuyan hannu, sannan ya dube ni. Ya ce, "Malam, ka san su wa suka ɗauki nauyin bikin nan?" Mai gadi ya taso ya ce in koma baya. Ni aka tsawata wa.

Akwai wani tsoho da muke tsaye tare tun magariba, ya ce mini shekara talatin ya yi yana busa kakaki a ƙungiyar kiɗan wani otal, sai da haƙoransa suka zube ya bari. Duk tsawon wasan idonsa a rufe, leɓɓansa na motsi. Shi ya riƙo hannuna ya ce, "Rabu da shi, ɗana. Zo mu je mu gaishe su."

Muka zagaya bayan dandamali. Mai bas yana tsaye shi kaɗai a gefen titi, ya sa abin kiɗansa cikin rigarsa, yana jiran motar da za ta iya ɗaukarsa. Tsohon ya kama hannunsa da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Sannan ya ce, "Abin nan da ka yi a tsakiya, inda mai fiyano ya dube ka, bai iso mana ba. Ɗan rera mana shi da baki." Mai bas ya yi shiru, ya ɗaga kai sama yana nema, yatsunsa na motsi a kan rigar bas ɗin. Ya girgiza kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ya tafi." Ya buɗe baki zai ƙara wata magana sai lasifikokin babban fili suka tashi gaba ɗaya, ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Muna ganin bakinsa na motsi, ba mu jin komai.